Lita Takwas a Bangon Aji Shida

12 ga Janairu

Zuwa ga Kawu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da Inna. Yaya gwiwar? Yaya kuma idon da ka ce yana yi maka hazo? Ni lafiyata lau, ban da maƙogwaro da alli ya cinye. Na so in kira ka a waya, sai na tuna yadda muka ƙare wancan karon, ina ta ɗaga murya a tsakar gida kana cewa "iye?", maƙwabta suna jin damuwata kai ba ka ji. Shi ya sa na koma takarda.

Kawu, aji shida aka ba ni bana, yara hamsin da takwas, kuma wata huɗu ya rage su zauna jarrabawar shiga sakandare. Ka rubuta musu tarawa ko ninkawa zalla a allo, kafin ka juyo sun gama. Amma da zarar an sa wa lissafin labari, shi ke nan an kashe su. Yaro zai tsallake zancen gaba ɗaya, ya tsinci lambobin da ke ciki, ya haɗa su yadda Allah ya nufa. Hedimasta yana da tasa dabarar, har ya sa an rubuta a kwali an liƙa a kowane aji: in kun ga "duka" ku tara, in kun ga "saura" ku ɗebe, in kun ga "kowanne" ku raba. Kullum da safe sai sun rera ta.

Ranar Talata haushi ya sa na gwada su. Na rubuta a allo: tela yana da yadi goma sha biyu da almakashi uku, shekarunsa nawa? Wallahi Kawu, yara hamsin da ɗaya suka rubuta sha biyar. Shida suka ce talatin da shida, su a dole sun fi kowa wayo. Ɗaya ce kawai ta miƙo mini takarda fara fat.

Ita ce ma dalilin wannan wasiƙa. Shiru-shiru suke ce mata, don ba a jin muryarta sai wajen amsa suna. Bara ta faɗi, bana maimaici take yi. Babanta shi ke kula da injin wuta a kamfanin ƙanƙara da ke bayan makarantarmu, a gidajen ma'aikata suke zaune, kamar rabin yaran ajin. Uwarta ta same ni a bakin ƙofa makon jiya, tana magana tana waige-waige. Ta ce uban ya rantse wannan ce shekarar ƙarshe, in yarinyar ba ta ci ba zai kai ta ƙauye wurin yayarsa ta yi mata aikin gida, boko ya ƙare ke nan. Ta ce, "Malama, ko duka ne ki dake ta, ni dai ta ci."

Shekara talatin da biyu ka yi kana wannan aiki. Don Allah ka gaya mini yadda kake yi, kada ka ce mini in yi haƙuri. A gaida Inna.

'Yarka,
Auta

24 ga Janairu

Auta, 'yar Yaya,

Na sami takardarki, na kuma gode da gaisuwa. Muna lafiya. Gwiwa tana nan tana mulkinta. Ido kuwa sai a hankali, da tabarau biyu na karanta wasiƙar, ɗaya bisa ɗaya, Innarki tana ta yi mini dariya. Ki riƙa ƙara wa rubutunki girma, kin cika rowar takarda kamar mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta.

Na yi dariyar telanki har na yi tari. Amma ki lura da abu guda. A duk ajin nan, yarinyar da ta bar takarda fara ita kaɗai ta karanta tambayar. Sauran lambobi suka gani. Ita ta nemi shekarun tela ta rasa, ta ƙi yin ƙarya. Kada ki kuskura ki dake ta.

Kwalin hedimasta ki bar shi inda yake. Ba a faɗa da mai sa hannu a takardar tabbatar da aikinki. Ki dai juya bencinan yadda yara za su ba shi baya.

Ga yadda nake yi. In na rubuta tambaya a allo, sai in rufe lambobin da guntun takarda, ko in sa tafin hannu. Babu lamba, babu abin tsinta, dole su saurari labarin. Sai in ce, wa ke cikin zancen nan? Me ya same shi? Me ake so mu gano? In tayar da yaro ya faɗi labarin da bakinsa, kamar zai ba kakarsa. Wanda ya kasa faɗa bai isa ya taɓa fensir ba. Daga nan su zana. Ba zanen gwaninta ba, bokiti da'ira ne, mutum sanda ce. In zanen ya gagara, a fito gaban aji da tsakuwa da murafen kwalba a yi abin a gani. Kafin in buɗe lambobin kuma sai na tambaya: amsar za ta fi abin da aka fara da shi yawa, ko za ta ragu? Wannan tambayar kaɗai ta ceci yara da yawa a hannuna. Za ki ga kamar ɓata lokaci ne, tambaya biyu a darasi guda. Ki daure.

In sun yi sati uku a haka, sai ki juya abin. Su za su rubuta tambayar, ke ki amsa. Ki ce kowa ya kawo lissafi daga gidansu, daga aikin babansa ko na uwarsa, abin da ya gani da idonsa. Yaron da bai san tsawon titin jirgin da ke cikin littafi ba, ya san bokiti nawa ke cika randar gidansu. Kuma ki ji ni da kyau a nan, don malamai a nan suke ɓata abin: kada ki gyara musu labarin. Yadda suka kawo shi haka za ki bar shi, ko da a karkace yake. Kina sa masa hannu ya zama naki, yaro ya janye.

Likita ya ce yanar ido ce, wai sai an yi aiki. Na ce masa zan yi tunani. Innarki tana gaishe ki.

Kawunki

21 ga Fabrairu

Zuwa ga Kawu,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Inna. Maganar aikin ido kada ka tsaya wani tunani, ka je a yi. Ka ga na ƙara wa rubutun girma, saura kai.

Kawu, Allah ya saka maka da alheri. Satin farko na kusa jefar da dabarar taka. Na rufe lambobi suka zuba mini ido kamar na ɓoye musu abinci. Hedimasta ya leƙo ya ga ɗan birkila a tsaye da tsakuwa cike da aljihu, ya kira ni ofis ya ce wasa aka kawo ni yi ko aiki. Na ce ya ba ni wata guda. A sati na uku na sake kawo musu irin tambayar tela, da wani direba da tayoyinsa. Kafin in ajiye alli aji ya kaure, "Malama, ai ba a faɗa ba." Sai da na fita baranda na share ido.

Yanzu su ke kawo tambaya. Ɗan birkila ya kawo ta bulo, layi nawa za a yi kafin a kai taga. 'Yar nas ta kawo ta ƙwayar magani, sau uku a rana, kati biyu zai kai kwana nawa. Wani ya kawo ta kajin uwarsa da muzuru ke ɗauka, aka yi ta gardama a kan ko muzuru yana hutu ranar Lahadi.

Amma ga ta Shiru-shiru, na kwafo maka ita harafi da harafi:

"Kullum ana ba Babana man dizal lita sittin ya zuba wa inji. Injin yana shan lita hamsin da biyu. Ragowar Baba yana zuƙe ta da tiyo ya kawo gida ya juye a jarka mai cin lita arba'in. In ta cika mai babur yana zuwa ya ɗauka. Kwana nawa jarkar take yi kafin ta cika?"

Ka gani? Mataki biyu ne, a ɗebe sannan a raba, kuma babu wanda ya koya mata haɗa su. Har ta sa mai babur a ciki, wanda ba ya cikin lissafin, don ta rikita masu gaggawar amsa. Rabin ajin suka faɗa ramin. Ita ta fito gaban allo, ta zana jarka ta raba ta gida biyar, ta ce, "Kowane gida lita takwas ne, kwana ɗaya ke nan." Ranar na fara jin muryarta sosai, ashe ma tana da ɗan kauri. A gwajin Juma'a ta ci sha bakwai cikin ashirin. Yarinyar nan za ta ci jarrabawa, Kawu, na sa a raina.

Hedimasta ya sauko. Ya ce ranar sha huɗu ga Maris iyaye za su zo ganin aikin yara, in zaɓi tambayoyi goma mafi kyau a rubuta a manyan kwalaye a liƙa a bango, kowace da sunan mai ita. Ina so ta Shiru-shiru ta zama a sama, don uban ya gani da idonsa ya janye rantsuwarsa. Me ka gani? Ka amsa mini da wuri.

'Yarka,
Auta

8 ga Maris

Kawu,

Ina gaisuwa. Ina fata lafiya ce ta sa shiru. Sau huɗu ina zuwa gidan waya, har mai ba da wasiƙu ya fara girgiza mini kai tun daga nesa.

Na sake karanta abin da na rubuta maka, ko na faɗi wani abin da ya ɓata maka rai. In don na ce hedimasta ya sauko ne ka ɗauka na ba shi yabon, wallahi a gaban malamai duka na ce dabarar kawuna ce. In kuwa gani ka yi na cika rawar kai, to ka faɗa, na saba jin haka daga bakinka tun ina 'yar firamare. Shirun ne ba na so.

Tunda ba ka ce komai ba na ci gaba. Na rubuta kwalayen da hannuna, kwana uku ina yi. Na bi maganarka, ban taɓa ko kalma ɗaya ba. Na aika wa baban Shiru-shiru takarda ta musamman cewa ya daure ya zo.

A gaida Inna.

Auta

12 ga Maris

Auta,

Kada ki liƙa tambayar yarinyar nan. In kin liƙa ki cire yanzu, ki yaga, ki ƙona har da ta cikin littafinta.

Ki yi haƙuri da rubutun, ido ɗaya nake amfani da shi. An yi mini aikin ranar ashirin da uku ga wancan wata, ya zo da matsala, sati biyu da kwana uku ina kwance da bandeji. Wasiƙunki biyu suna ƙarƙashin matashin Innarki. Kin san ba ta karatu, ni kuma na hana a kai wa maƙwabta su karanta mini, don ba na son a san cikina. Wannan taurin kai nawa ne. Yau da safe aka kwance, na karanta.

Ke Auta, ina hankalinki ya tafi? Sake karanta abin da yarinyar ta rubuta, ki rufe lambobin da hannunki kamar yadda kike sa su yi. Wa ke cikin zancen? Me yake yi da tiyo? Man na wane ne? Kin ga sittin da hamsin da biyu da arba'in, daɗi ya kwashe ki, kin tsallake labarin. Abin da yaranki suka yi wa tela shi kika yi wa wannan mutum. Kuma kin ce rabin iyayen ajin a kamfanin nan suke aiki.

Ba fushi nake da ke ba, ban taɓa yi ba. Tsoro nake ji. Innarki za ta kai wannan gidan waya yanzu, na ce ta roƙe su ta tafi a jakar yau. Allah ya sa ta riga ranar.

Kawunki

19 ga Maris

Kawu,

Sannu da jiki. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Ban san kana kwance ba, da ban rubuta maka abin da na rubuta ba.

Wasiƙarka ta zo ranar sha bakwai.

Bari in gaya maka yadda aka yi, don ba ni da wanda zan gaya wa. Iyaye sun cika ajin. Na sa Shiru-shiru ta tsaya a ƙarƙashin kwalinta, uwar ta wanke mata rigar makaranta ta goge. Uban bai iso da wuri ba, yana bakin aiki. Manajan kamfanin ƙanƙara ya zo, don ɗansa na uku a ajina yake, hedimasta yana biye da shi yana washe baki. Ya bi kwalayen ɗaya bayan ɗaya yana murmushi. Da ya zo kan nata sai ya tsaya. Ya karanta, ya sake karantawa, ya dubi sunan da ke ƙasa. Ya ce, "Malama, wannan yarinya akwai basira. Ita ta ƙirƙiro labarin?"

Kawu, da na yi shiru ma da ya wuce. Da na ce eh, ƙirƙira ce, da ya wuce. Amma sai na buɗe bakina na ce, "Ranka ya daɗe, babu ƙirƙira a ciki. Duk abin da ke bangon nan daga gidajensu suka kawo shi, abin da suka gani da idonsu, kuma ban gyara ko harafi ba." Da alfahari na faɗa. Ya juya wurinta ya ce, "To 'yan mata, kwana nawa ne?" Ta ce biyar. Ya ce madalla, ya shafa kanta, ya ɗauki hoton kwalin da wayarsa. Har a lokacin ni murna nake yi.

Sai da uban ya shigo da kayan aikinsa masu maiƙo, na ja shi har gaban kwalin, na ga yadda leɓensa ke motsi yana haɗa kalmomin, sannan na gane. Bai dube ni ba, bai dubi 'yar ba. Ya fita.

Washegari aka je gidansu aka sami jarkar da rabin mai a ciki. An kore shi. An ba su zuwa ƙarshen wata su tashi daga gidan kamfani. Yarinyar ba ta zo makaranta ba tun ranar. Ɗan birkila ya ce suna jin kukanta ta katanga.

Sauran iyaye sun ja wa 'ya'yansu kunne. Jiya na ce a kawo tambaya daga gida, babu wanda ya ɗaga fensir. 'Yar nas ta ce, "Mama ta ce kada in ƙara faɗin komai na gidanmu." Hedimasta, wanda shi ya ce a liƙa, yanzu cewa yake bai taɓa yarda da wannan bidi'a ba, ya sa an mayar da bencina suna kallon kwalinsa.

Na san laifina. Ba sai ka sake gaya mini zancen tela ba, ya shige ni ya zauna. Amma kai ma ka duba abin da ka rubuta mini, ga shi nan a gabana: "Kada ki gyara musu labarin. Yadda suka kawo shi haka za ki bar shi." Ka ce in ji ka da kyau, na kuwa ji ka. Shekara talatin da biyu kana sa yara su kawo maka cikin gidajensu, ba ka taɓa cin karo da irin wannan ba? In ka taɓa, me ya hana ka faɗa mini? Ina jin haushinka, Kawu, ba zan ɓoye ba, kuma ina jin kunyar jin haushin mutumin da ke kwance.

Saura sati bakwai jarrabawa. An riga an yi mata rajista, har lambar kujera ta fito.

Auta

27 ga Maris

Auta, 'yar Yaya,

Na sami wasiƙarki. Ido yana samun sauƙi, ina ganin fuskar Innarki yanzu, ta tsufa ban sani ba. Ki ci abinci, na san halinki in ranki ya ɓaci.

Haushinki yana kan hanya. Na taɓa cin karo da irin wannan, ba sau ɗaya ba. Yara sun kawo mini awon da ake tauyewa, sun kawo mini buhun da ke fita ta bayan sito, wata ta taɓa kawo mini sau nawa babanta ke dukan uwarta a sati. Abin da nake yi shi ne, ina karanta takardun ni kaɗai kafin kowa ya ji. Wadda ta ɗauko abin da bai kamata ba, in kira yaron gefe mu warware ta mu biyu, in yaba masa, in riƙe takardar. Ranar Juma'a kuma duk in tattara in cusa a murhun mai dafa wa malamai shayi. Ko ɗaya ba ta taɓa haura sati a makaranta ba, balle ta hau bango. Na yi haka har ya zame mini kamar ɗaure igiyar takalmi, ban ma ɗauke shi wani ɓangare na dabarar ba. Da na zauna rubuta miki, na tuna tsakuwa, na tuna murafen kwalba, na manta murhu. Da na ce kada ki gyara, tsakaninki da yaro nake nufi. Amma ban rubuta hakan ba, kuma ba ki da yadda za ki san abin da ke kaina. Rabin kayan nan nawa ne, ki sauke mini shi.

Yanzu bar kuka ki tashi. Ki je wurin manajan. Kada ki ce masa mutumin bai yi ba, ya yi. Ki roƙi abu ɗaya: a bar su a gidan har yarinyar ta zauna jarrabawa. In ya ƙi, ki je wurin uban da kanki, ba aike ba. Zai zage ki, ki tsaya ki sha. Ki ce ya bar miki ita a ɗakinki sati shida, ci da sha da komai a kanki. In yana ganin ke yarinya ce, ki nuna masa wannan takarda, ki ce tsohon da ya jawo abin yana roƙonsa don Allah.

Ki rubuto ko me ake ciki. Na ce wa Innarki daga yau duk takardar da ta zo, ko ina kwance a kai wa ɗan maƙwabci ya karanta.

Kawunki

5 ga Afrilu

Zuwa ga Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Na ji daɗi da idon ya buɗe. Ka yafe mini maganganun da na yi, ni ma na yafe. Ina cin abinci.

Na je wurin manajan tun kafin wasiƙarka ta iso, na sake komawa bayan ta iso. Ya karɓe ni da mutunci, har ya sa aka kawo mini ruwa. Ya ce alfarmar da zai iya ya riga ya yi, tunda bai kira 'yan sanda ba, kuma ya ƙara musu kwana huɗu. Sabon mai inji yana jiran gidan da iyalinsa. Da zan fita ya ce ɗansa ya fara son lissafi, ya gode mini. Ban san lokacin da na sauko daga benen ba.

Jiya Asabar na je gidan. Na tarar da motar kaya a ƙofa, an ɗora katifu da tukwane, ana ɗaure keken ɗinkin uwar da igiya. Maƙwabta suna tsaye a ƙofofinsu, babu mai taimakawa, babu mai tafiya. Uban yana saman mota yana karɓar kaya. Na gaishe shi sau biyu kafin ya sauko.

Bai zage ni ba, Kawu. Na so ya zaga. Na faɗi duk abin da ka ce, na miƙa masa takardarka, bai karɓa ba. Ya ce, "Malama, shekara tara ina tashi da injin nan. Abin da na yi na yi, ni da Ubangijina. Amma ni na aiko miki yarinya ki koya mata lissafi, ban aiko ta ki tambaye ta abin da ke cikin ɗakina ba." Na ce ya bar mini ita sati biyar kawai, na durƙusa a gaban mutane. Ya ce, "In bar miki ita ta ƙarasa faɗa miki sauran?" Ya ce su za su sauka wurin ƙaninsa a ɗaki ɗaya har ya sami abin yi, ita kuma motar za ta biya a ajiye ta wurin yayarsa. Uwar tana naɗe tabarma, ba ta ɗago ba.

Na sami Shiru-shiru a bayan ɗakinsu, zaune a kan bokiti da ƙullin kayanta a cinya. Ta rame. Ta miƙe ta gaishe ni kamar a aji. Na fara wani zancen banza, wai ta riƙe littattafanta, wai wata shekarar. Ta bari na gama. Sannan ta ce, "Malama, lissafin nawa ne bai yi daidai ba?"

Na ce daidai ne. Na ce kwana biyar ne, babu kuskure ko ɗaya, kuma a duk shekarun da na yi ina koyarwa ba a taɓa kawo mini tambaya mai kyanta ba.

Ta ce, "To me ya sa Baba ya daina yi mini magana?"

Sai direba ya yi hon. Ta ɗauki ƙullinta ta zagaya wurin motar. Uban ya miƙo hannu ya karɓi ƙullin ya ajiye, ita kuma ya bar ta ta hau da kanta.

Kada ka aiko mini da wata dabara yanzu, Kawu, ba zan iya karantawa ba. Ka dai sa ta a addu'a. Gobe Litinin zan cire sunanta daga rajistar aji, hedimasta ya ce da jan biro ake yi.

'Yarka,
Auta